Tambayoyi da Amsoshi Kan Haɗa Tashoshin Wi-Fi da Yawa a Gini Ɗaya

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi maimaituwa a bakin masu son Wi-Fi ya game gini duka, ta yadda mutum zai tashi daga ofis yana kira ta intanet, ya hau bene, ya shiga wani ɗaki, kiran bai yanke ba. A nan, "tasha" na nufin na'urar da ke watsa siginar Wi-Fi, wadda ake rubuta AP a jikin kwalinta. "Ƙaura" kuma na nufin tashin waya ko kwamfuta daga wata tasha zuwa wata.

1. Me ya sa rauta ɗaya mai ƙarfi ba za ta wadatar da gini duka ba?

Domin Wi-Fi zance ne tsakanin ɓangare biyu, ba shela ba ce. Ko da rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida ko ofis, tana da ƙarfin da siginarta za ta ratsa bango uku, dole ne waya ta mayar da amsa ta cikin waɗannan bangwaye ukun, ita kuwa waya eriyarta ƙarama ce, kuma tana tattalin batir. Lamarin kamar mai lasifika ne yana hira da mai raɗa daga nesa: wannan yana jin wancan sarai, wancan kuwa ba ya jin komai. Shi ya sa ake ganin alamar sigina a cike a fuskar waya, amma shafi ya ƙi buɗewa.

Kankare mai rodi a ciki, ƙofar ƙarfe, babban madubi, tankin ruwa da ramin lif duk suna cinye sigina. Bugu da ƙari, na'urorin da ke kan layi ɗaya, wato hanyar rediyon da tasha ke watsawa a kai, jiran juna suke yi kafin su yi magana, kuma wadda ke nesa a hankali take aika saƙonta, sai ta riƙe layin ta ɓata wa na kusa lokaci. Maganin shi ne tashoshi da yawa, kowacce kusa da masu amfani da ita.

2. Wa ke yanke shawarar ƙaura, tasha ko waya?

Waya ce, ko kwamfuta. Wannan shi ne abin da ya fi kowanne muhimmanci a fahimta, domin kusan duk sauran amsoshin a kansa suka ginu. Tasha na iya ba da shawara, tana iya ma korar waya, amma ba ta iya ɗaukarta ta miƙa wa maƙwabciyarta. Kowane kamfani yana da ƙa'idar da ya saka wa na'urorinsa game da lokacin da za su fara neman wata tasha.

Ana auna ƙarfin sigina da dBm, kuma lambar tana zuwa da alamar ragi: wadda ta fi kusa da sifili ita ta fi ƙarfi, wato -50 ta fi -70 nesa ba kusa ba, domin kowane bambancin 10 ninki goma ne na ƙarfi. Kamfanin Apple ya bayyana cewa iPhone da iPad ba sa fara neman sabuwar tasha sai sigina ta sauka zuwa -70 dBm, kwamfutocin Mac kuma sai -75 dBm. Ko bayan sun fara nema, iPhone ba ta ƙaura sai sabuwar tashar ta fi ta yanzu da 8 dB idan tana cikin aika bayanai, ko da 12 dB idan a zaune take. Wayoyin Android kuwa kowane kamfani da nasa tsarin. Ke nan aikin mai haɗa netwok shi ne ya shirya gini yadda waya za ta ga dalilin tashi da wuri, kuma ta tarar da wurin sauka a shirye.

3. Dole ne duk tashoshin su ɗauki suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya?

Dole ne. Sunan Wi-Fi, wanda shafin saiti ke kira SSID, ya zama iri ɗaya harafi da harafi, har da bambancin babban baƙi da ƙarami. Kalmar sirri ma haka, nau'in tsaro ma haka: idan wata tasha tana kan WPA2 wata tana kan WPA3 zalla, waya na iya ɗaukarsu a matsayin netwok biyu dabam ko da sunansu ɗaya. Masu raɗa wa kowane hawa suna nasa, irin su "Bene1" da "Bene2", sun hana ƙaura da hannunsu, domin waya za ta riƙe sunan farko har sai siginarsa ta ɓace gaba ɗaya. Abin da ya kamata ya bambanta tsakanin tashoshi shi ne layin da kowacce ke watsawa a kai, kamar yadda aka yi bayani a tambaya ta 8.

4. Ina da tsofaffin rautoci guda biyu. Za su iya zama tashoshi?

Za su iya, da sharaɗin a sauke su daga muƙamin rauta. A netwok ɗaya, na'ura ɗaya tak ya kamata ta riƙa raba wa wayoyi da kwamfutoci adireshin IP, aikin da ake kira DHCP. Yawancin rautoci na zamani suna da zaɓin AP a shafin saiti, kuma danna shi ya wadatar. Idan babu, sai a kashe DHCP da hannu, a ba rautar adireshi tsayayye wanda babbar rauta ba ta rabawa, sannan a soka kebul a ɗaya daga cikin ramukan LAN, a bar ramin WAN, wanda aka tanada domin shigowar intanet daga waje, babu komai.

Na taɓa duba wani gini mai hawa biyu inda ake kukan cewa firinta tana ɓacewa. Mai aiki zai tura takarda daga ƙasa ta fita lafiya, ya hau sama da kwamfutar nan tasa ya sake turawa, a ce babu firinta. An canza kebul, an zargi firintar, har an fara maganar sayen sabuwa. Ashe rautar sama ta ramin WAN aka haɗa ta, tana raba nata adireshin, ta kafa ƙaramar daularta a ƙarƙashin suna ɗaya da ta ƙasa. Duk wanda ya hau bene sai adireshinsa ya canza, kiransa ya yanke, firinta ta koma bayan katanga. Matsar da kebul ɗaya daga rami zuwa rami da kashe DHCP ne suka kawo ƙarshen zancen.

5. Sai an ja kebul zuwa kowace tasha? Mesh ko rifita ba za su yi ba?

Kebul ya fi, kuma duk inda za a iya jansa, a ja. Kebul na Cat5e yana ɗaukar gigabit ɗaya, Cat6 ya fi shi sarari, kuma iyakar tsawon kowane zare daga suwic, akwatin mai ramuka da yawa da kebul ɗin ke haɗuwa a cikinsa, zuwa tasha mita 100 ce. Idan nisa ya wuce haka, sai a saka wani suwic a tsakani ko a koma ga kebul na faiba. A kiyayi kebul mai araha wanda cikinsa alminiyom ne aka yi wa rufin jan ƙarfe, musamman idan wuta za ta bi ta cikinsa kamar yadda ke cikin tambaya ta 6.

Rifita mai rediyo ɗaya tana sauraron saƙo sannan ta maimaita shi a kan layi ɗaya, saboda haka gudun intanet yana raguwa da kusan rabi a wurinta, kuma idan aka jera biyu sai ya sake raguwa. Mesh, wato tashoshin da ke haɗuwa da juna ta iska ba tare da kebul ba, ya fi ta tsari, musamman irin wanda ke da rediyo na uku da aka keɓe domin tashoshi su yi magana da juna. Yana da amfani a ginin haya inda aka hana huda bango. Sai dai a tuna cewa bangon da ya hana waya samun sigina, shi ne dai zai tsaya tsakanin tashoshin mesh ɗin, don haka ba a cikin ɗakin da babu sigina ake ajiye tashar ba, a tsakiyar hanya ake ajiye ta inda har yanzu take jin uwar tashar da kyau. Yawancin na'urorin mesh suna karɓar kebul, kuma da zarar an haɗa su da shi sun zama tashoshi na sosai.

6. Yaya za a kai wuta ga tashar da ke manne a silin?

Ta cikin kebul ɗin netwok ɗin kansa, tsarin da ake kira PoE. Ƙa'idar 802.3af ta 2003 tana ba da wat 15.4 daga ramin suwic, 802.3at ta 2009 tana ba da wat 30, 802.3bt ta 2018 kuma tana kaiwa har wat 90. Tashoshin Wi-Fi 6 da yawa suna buƙatar ta biyun, kuma idan aka ba su ta farko wasu sukan kunnu amma su rage ƙarfin aikinsu ba tare da sanarwa ba. A duba jimillar wutar da suwic zai iya bayarwa, ba yawan ramukansa kaɗai ba. Wata fa'idar tsarin ita ce batirin ajiya guda ɗaya a wurin suwic ya isa ya riƙe duk tashoshin idan wuta ta ɗauke.

7. Tashoshi nawa ake buƙata, kuma a ina za a kafa su?

Babu lambar da ta dace da kowane gini, domin faɗin da ake rubutawa a kwali a fili ake auna shi, ba a cikin kankare ba. Hanya mafi aminci ita ce a ɗauki tasha ɗaya da dogon kebul, a ɗaga ta a inda ake tunanin kafawa, a zagaya da waya ana auna sigina a zangon 5 GHz, ɗaya daga cikin sassan mitar rediyo da Wi-Fi ke watsawa a kai. Inda sigina ta sauka zuwa wajen -67 dBm, nan ne iyakar wannan tasha ga mai son kiran murya da bidiyo su tafi sumul, kuma ya kamata a ce siginar tasha ta gaba ta riga ta kai wannan ƙarfin a daidai wurin. A yi awon ƙofofi a rufe, kamar yadda ake zama a ginin.

Tashoshin da aka ƙera kamar faranti, a silin ake manna su suna kallon ƙasa, a tsakiyar wurin da mutane ke zama. Kada a ɓoye su a cikin kabad na ƙarfe, ko a bayan talabijin, ko a saman silin tsakanin bututun iska. Kuskuren da ya fi yawa shi ne jera su a dogon korido saboda nan ne jan kebul ya fi sauƙi. A koridon suna ganin juna ba shamaki, suna damun juna, alhali mutanen da ke cikin ɗakuna ragowar da ta ratso bango kawai suke samu. Gara a shigar da su cikin ɗakunan, wannan a dama, ta gaba a hagu.

A gini mai hawa da yawa, kowane hawa ya samu nasa tashoshin, kuma kada a ɗora ta sama daidai kan ta ƙasa. A goce su. Matakalar bene ma a tuna da ita, domin a nan ne kira ya fi yankewa, kasancewar kankare ya kewaye ta kuma mutum yana cikin tafiya daga wata tasha zuwa wata.

8. Wane layi za a ba kowace tasha?

Kowane zango ya kasu zuwa layuka, kuma tashoshin da ke maƙwabtaka kada su hau layi ɗaya. A zangon 2.4 GHz layukan suna da tazarar 5 MHz tsakaninsu alhali kowace sigina tana cin faɗin 20 MHz, shi ya sa uku kawai ake amfani da su ba tare da sun shiga juna ba: 1, 6 da 11. Zaɓen layi na 3 ko na 9 da sunan kauce wa cunkoso ƙara ɓarna yake yi, domin yana damun layuka biyu a lokaci ɗaya. A bar faɗin a 20 MHz a wannan zangon. Idan tashoshin sun yi yawa kusa da juna, babu laifi a kashe 2.4 GHz a wasunsu. Bulutut da na'urar ɗumama abinci ta maikurowef ma a wannan zangon suke.

Zangon 5 GHz ya fi yalwa, amma faɗin 80 MHz da yawancin na'urori ke zuwa da shi yana haɗiye layuka huɗu a lokaci ɗaya, misali 36, 40, 44 da 48. Ga tashoshi biyu ko uku wannan na iya yiwuwa. Idan sun fi haka, 40 MHz ya fi dacewa, a wurin cunkoso sosai ma 20 MHz. Layukan da suka fara daga 52 zuwa sama da 100 ana tarayya da na'urorin rada a kansu, don haka tasha takan yi shiru tana sauraro na aƙalla daƙiƙa 60 kafin ta fara watsawa, kuma da ta ji rada dole ta bar layin. Kusa da filin jirgin sama wannan na iya zama sanadin yankewar da ba a gane kanta. Layukan da doka ta yarda da su sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, saboda haka a zaɓi ƙasar da ake ciki daidai a shafin saiti. Zangon 6 GHz, wanda ya zo da Wi-Fi 6E, ya fi su sarari, amma bango ya fi tare shi kuma ba ya karɓar WPA2.

9. Ba gara a buɗe ƙarfin kowace tasha har ƙarshe ba?

A'a, kuma a nan ne mutane da yawa ke ɓata aikin da suka kashe wa kuɗi. Idan aka koma ga tambaya ta 2, waya ba ta neman sabuwar tasha sai siginar tsohuwar ta yi rauni. Tashar da ke ihu da dukkan ƙarfinta takan bi waya har ƙarƙashin wata tashar, wayar tana ganin -62 dBm, ba ta ga dalilin motsawa ba, alhali amsarta da ƙyar take komawa. Ana fara saiti ne da ƙarfin 2.4 GHz a ƙaramin mataki, na 5 GHz a matsakaici, sannan a auna a daidaita. Dalilin bambancin shi ne 2.4 GHz ya fi nisan zango da ratsa bango, kuma idan aka bar shi da ƙarfi ɗaya da 5 GHz wayoyi za su riƙa zaɓensa duk da ya fi cunkoso.

10. Mene ne 802.11k, 802.11v da 802.11r, kuma dole ne a kunna su?

Ƙarin ƙa'idoji ne uku daga cibiyar IEEE masu sauƙaƙa ƙaura. 802.11k, ta 2008, tana ba waya jerin tashoshin da ke maƙwabtaka da layukansu, don kada ta ɓata lokaci tana lalube layi bayan layi. 802.11v, ta 2011, tana ba tasha damar ce wa waya ga wata can ta fi dacewa da ita. Shawara ce, waya na iya ƙi. 802.11r, ita ma ta 2008, tana gajarta tantancewar tsaro, ta yadda ba sai an sake gaisuwa daga farko a kowace tasha ba.

Biyun farko a kunna su, ba kasafai suke kawo matsala ba. Ta ukun ta fi amfani a inda kowane ma'aikaci ke shiga da sunansa da kalmar sirrinsa ta hanyar sabar RADIUS, wato kwamfutar da ke tantance masu shiga, domin a can tantancewa ke ɗaukar lokacin da kunne zai ji a cikin kira. A netwok mai kalmar sirri ɗaya ta WPA2, saƙo huɗu kawai ake musaya, bambancin kuwa kaɗan ne. Wasu tsofaffin firintoci da kyamarori sukan ƙi haɗuwa idan an kunna 802.11r, idan haka ta faru, a ware musu suna dabam kamar yadda ke cikin tambaya ta 12. Kuma babu ɗaya daga cikin ukun da zai gyara tashar da aka kafa a mummunan wuri ko aka buɗe wa ƙarfi fiye da kima.

11. Dole ne tashoshin su zama na kamfani ɗaya, da manhajar da ke kula da su?

Ƙaura ta asali tana yiwuwa ko da an gauraya kamfanoni, matuƙar an cika sharuɗɗan tambaya ta 3 da ta 4. Amma ƙa'idojin tambaya ta 10 suna buƙatar tashoshin su san juna, wannan kuwa a aikace sai a tsari ɗaya yake tafiya daidai, irin su UniFi na Ubiquiti, Omada na TP-Link, Instant On na Aruba, ko CAPsMAN na MikroTik. Ƙungiyar Wi-Fi Alliance ta fitar da EasyMesh a 2018 domin na'urorin kamfanoni dabam-dabam su yi aiki tare. A ganina, da zarar tashoshi sun wuce uku, canza kalmar sirri ɗaya bayan ɗaya kaɗai ya isa ya sa mutum ya nemi tsarin da ake sarrafawa daga wuri guda.

12. A raba sunan 2.4 GHz da na 5 GHz? Baƙi fa?

Ga wayoyi da kwamfutoci, ko dai suna ɗaya mai ɗauke da zango biyun, ko suna ɗaya a 5 GHz kaɗai idan siginarsa ta game ko'ina. Ƙananan na'urori irin su kyamarori da soket masu Wi-Fi, waɗanda yawancinsu 2.4 GHz kawai suka sani kuma ba sa motsi, ana iya ware musu nasu sunan. Baƙi ma a ba su nasu, a raba shi da netwok na cikin gida, kuma a watsa shi a duk tashoshin. Amma kada a wuce suna uku ko huɗu, domin kowane suna yana shelar kansa kusan sau goma a daƙiƙa a kowace tasha, ko akwai mai amfani da shi ko babu, kuma wannan shelar lokacin layi take ci.

13. Na yi duk wannan, amma wata waya tana manne da tasha mai nisa. Me ya rage?

Da farko a tabbatar ko wayar ɗaya ce ko duka ne. Idan duka ne, a koma tambaya ta 9 a ƙara rage ƙarfi. Idan ɗaya ce, a sabunta manhajarta, a sa ta manta da netwok ɗin ta sake haɗuwa. A kwamfutocin Windows masu katin Wi-Fi na Intel akwai saitin da ke ƙara wa kwamfuta saurin neman ƙaura, a cikin bayanan katin.

Mataki na gaba shi ne kashe tsofaffin matakan gudu na 802.11b, wato megabit 1, 2, 5.5 da 11, a mayar da mafi ƙanƙanta 12. Wannan yana rage faɗin da waya za ta iya ci gaba da riƙe tasha. Na ƙarshe shi ne saita iyakar sigina wadda idan waya ta sauka ƙasa da ita tasha za ta kore ta, misali -75 dBm. A yi hattara da shi: idan akwai kusurwar da babu tashar da ta kai wannan ƙarfin, wayar da ke can za a yi ta korarta tana dawowa, ta rasa tudun dafawa.

14. Ta yaya zan tabbatar ƙaura tana aiki?

Alamar sigina a fuskar waya ba shaida ba ce. Kowane rediyon tasha yana da lambar da ta keɓanta da shi, BSSID, kuma canzawarta ita ce ke nuna an ƙaura. A Windows, umarnin netsh wlan show interfaces yana nuna ta; a Mac, a danne maɓallin Option a taɓa alamar Wi-Fi; a Android akwai manhajojin awon Wi-Fi da ke nuna ta tare da dBm.

Sai a kunna ping, wato umarnin da ke aika ɗan saƙo ya jira amsa, a bar shi yana ci gaba zuwa adireshin babbar rauta, ba zuwa wani shafin intanet ba, don kada matsalar kamfanin intanet ta shiga lissafi. A yi tafiya irin ta yau da kullum daga wannan ƙarshen gini zuwa wancan, a hau matakala, a sauko, ana kallon amsoshin. Ɓacewar amsa ɗaya a lokacin ƙaura ba abin damuwa ba ne. Idan huɗu ko biyar suka ɓace a jere, a tsaya a wurin a duba abu biyu: idan adireshin IP ya canza, matsalar tana tambaya ta 4, idan sigina ta faɗi ƙasa da -75 dBm kafin wata tasha ta bayyana, akwai giɓi, a koma tambaya ta 7. A maimaita gwajin da waya mafi tsufa da ake amfani da ita a ginin, kuma a lokacin da mutane suka cika shi, domin jikin mutum ma yana shanye sigina, kuma awon da aka yi a ɗakin taro babu kowa ba zai yi daidai da na ranar taro ba.